Kafin ka sayi batirin motar rimot, fara auna zafin garinku da hankalin mai caji

Waɗanda suka kalli bidiyon makon jiya sun ga inda na ɗaga wani batir da ya kumbura kamar fanke, na ce bayaninsa ya fi ƙarfin minti 12, zan zauna in rubuta. To ga shi. Zan fara da abin kunyar da na yi, don kada wani ya ɗauka wa'azin wanda bai taɓa kuskure ba ne.

Ina digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki a Jidda, amma kusan duk daren Alhamis ina Makka, gidan kawuna a Misfala. Wanda ya taɓa zuwa Hajji ko Umara daga Najeriya ko Nijar ya san unguwar: ka baro Harami ka bi titin Ibrahim Khalil ka gangara kudu, tun ba ka yi nisa ba za ka fara jin Hausa ta ko'ina. Sunan ma daga gangarowar ya samo asali, ita ce ƙasan garin Makka. Gidan Kawu tsohon gini ne mai hawa uku, matakala ɗaya tak, mutum 11 ne a ciki, ga tukunyar gas a kicin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙanina, ɗan Kawu, shekararsa 13. Ya tara goron Sallah na shekara biyu ya sayi Traxxas Slash ta hannu, irin akori-kurar tseren nan mai girman 1/10. Motar ta zo da tsohon batirin NiMH wanda ya riga ya gaji, kafin ka yi zagaye goma ya fara jan ƙafa. Yaro ya sha kallon YouTube, ya zo ya same ni ya ce, "Yaya, 3S nake so, mai 100C, wanda motar za ta riƙa ɗaga gaba." Na ce masa 3S kam babu, motarsa ba za ta ɗauka ba. Amma sai na shiga intanet na zaɓo masa LiPo 2S mafi arha da na gani, marar suna, an rubuta 100C da manyan baƙaƙe, har da kyautar wata 'yar caja kamar akwatin ashana. Na cika shi taf a daren Alhamis da niyyar mu fita bayan La'asar ranar Juma'a. Baƙi suka zo, fita ta fasa, batir ya zauna a but ɗin motar Kawu, ni kuma na koma Jidda na manta.

Kwana shida ya yi a cikin mota a tsakiyar watan Yuli. Da na dawo, na tarar yaro ya ɗauko shi ya ɗora a kan katifa yana neman wayar caja, mahaifiyarsa ce ta tsayar da shi don ta ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na abin goge farce. Kawu ya juya batirin a hannu, ya dube ni ya ce, "Injiniya, kai da aka turo ka karanto wuta, kai ne za ka kawo mana ita gida?" Na ce, "Ku yi haƙuri Kawu, laifina ne." Ban da wata amsa, don gaskiya ce.

Matsayata tun daga ranar ita ce: a irin garuruwanmu, Makka ne, Kano ce, Sakkwato ce ko Maraɗi, lambobin da ke jikin batir su ne abu na ƙarshe da ya kamata ka duba. Tambayoyi uku ne a gaba: me motarka za ta iya ɗauka, wane zafi batirin zai zauna a ciki, kuma wane ne zai riƙa yi masa caji, a ina. Ga yawancinmu amsar za ta tsaya ne a LiPo 2S mai taurin kwanso da caja ta gaske, ga wasu kuma NiMH ne daidai, ko da abokai za su yi dariya. Bari in kawo hujja.

Motar ce ke yanke hukuncin farko

A cikin kowace mota akwai ɗan akwati tsakanin batir da inji, shi ke sarrafa gudu, a kwali ana rubuta shi ESC. Shi ne ke da iyaka. Batirin LiPo ƙwayoyi ne a jere, harafin S na nuna yawansu. Ƙwaya ɗaya 3.7V ce, idan ta cika 4.2V. Ke nan 2S na ba da 7.4V, a cike 8.4V, shi kuma 3S 11.1V, a cike 12.6V. NiMH kuwa ƙwayarsa 1.2V ce, shi ya sa kuke ganin mai ƙwaya 6 an rubuta 7.2V, mai ƙwaya 7 kuma 8.4V.

Motar ƙanina mai injin burushi ce, da akwatin XL-5, wanda iyakarsa LiPo 2S ko NiMH mai ƙwaya 7. Ka saka masa 3S, ka ƙona shi, shi ke nan. Wadda ke ɗaukar 3S ita ce mai inji marar burushi da akwatin VXL-3s. Wannan ba sirri ba ne, yana rubuce a littafin motar, amma mu nawa ne ke buɗe littafin?

To a ce motarka tana ɗaukar 3S, ya dace ka fara da shi? Mu yi lissafi. Inji mai lamba 3500kV yana juyawa sau 3,500 a minti kan kowane 1V idan babu nauyi a kansa. Da 7.4V, juyi 25,900 ke nan. Da 11.1V, 38,850. An ƙara rabi. Amma ƙarfin karo ba da rabi yake ƙaruwa ba, ninkin gudu a kan kansa yake bi: 1.5 sau 1.5, wato 2.25. Motar da ta daki gefen titi ta tashi lafiya da 2S, da 3S sai ta bar maka hannun taya a ƙasa. Kuma kayan gyaran ba a bagalar unguwa ake sayar da su ba, balle a ce kana Katsina kana jiran saƙo daga China wata guda.

Wani abin da ya kamata masu son "tsere" su sani: a gasar duniya ta IFMAR, ajin motocin lantarki na 1/10 da ke gudu a kan ƙasa, 2S mai taurin kwanso ake amfani da shi, tseren kuma minti 5 ne. Mutanen da suka fi kowa iya tuƙi a duniya ba da 3S suke cin kofi ba. Iya shan kwana ne ke raba su.

mAh tanki ne, ba ƙarfi ba

Lambar mAh tana gaya maka girman tanki. 5000mAh na nufin amfiya 5 na tsawon awa ɗaya. Don ka kwatanta batura masu boltej daban, ninka boltej da amfiya-awa ka sami Wh. NiMH 8.4V mai 3000mAh: 25.2Wh. LiPo 2S mai 5000mAh: 37Wh. 3S mai 5000mAh: 55.5Wh. Wannan lambar ita ce gaskiyar abin da ke cikin batirin, kuma ita ma'aikatan filin jirgi ke tambaya, za mu zo nan.

Minti nawa zai yi? Ba a shanye LiPo har ƙasa, a ce ka yi amfani da kashi 80 cikin 100, wato 4Ah daga mai 5000. Idan motarka tana jan amfiya 15 a matsakaici, 4 a raba da 15 a ninka da 60, minti 16 ke nan. A cikin yashi mai laushi zai ragu, a kan kwalta zai ƙaru.

Shawarata, batura biyu masu 5000 sun fi ɗaya mai 8000 ko 10000. Babban ya fi nauyi, sau da yawa ma ba ya shiga gurbinsa, sannan yana sa ka tuƙa minti 30 ba hutu, inji ya gasu. Canjin batir shi ne hutun motar. Kafin ka biya kuɗi, ɗauko rula ka auna tsawo da faɗi da tsayin gurbin, ka kuma duba irin filogin da ke motarka, don na Traxxas daban, XT60 daban, EC5 da IC5 daban, Deans daban. Idan bai dace ba, gara ka canja kan da dalma mai kyau, waya ɗaya bayan ɗaya, da ka jera adafta uku suna zafi. Kada ka taɓa yanke wayoyin batir biyu lokaci guda da almakashi.

Lambar C: inda aka fi yi mana wayo

Nan ne aka kama ni. A ƙa'ida, lambar C na nuna yawan wutar da batir zai iya fitarwa: ka ninka ta da amfiya-awa. 5000mAh mai 100C, wai amfiya 500. Tsaya ka yi tunani. Batirin da ke fitar da 100C zai ƙare ƙaf cikin daƙiƙa 36. Filogin XT60 da ke bakinsa, sunansa ma ya gaya maka maganar amfiya 60 ake yi. Wayar da ba ta kai kaurin fensir ba, ta ina amfiya 500 za ta bi ba ta narke ba?

Babu wata hukuma da ke tilasta wa masu haɗa baturan wasa ma'auni ɗaya a kan wannan lamba. Kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Shi ya sa 50C na kamfanin da ke tsoron zubewar sunansa, irin su Gens Ace, zai iya fin 100C na wanda gobe zai canja suna ya dawo kasuwa.

Abin da ya fi lambar C faɗin gaskiya shi ne turjiyar cikin batir, kuma caja mai kyau tana auna ta ƙwaya-ƙwaya. Zafin da batir ke haifarwa a cikinsa shi ne amfiya sau amfiya sau turjiya. Misali, batir mai turjiyar 0.010 ohm yana ba da amfiya 50: wat 25 na zafi. Wani mai 0.030 ohm a aiki iri ɗaya: wat 75. Dukansu an rubuta musu 5000mAh, amma ɗaya ɗumi yake yi, ɗayan girki. Ka auna turjiyar ranar da ka saya ka rubuta a jikinsa da maka. Ranar da ka ga ta ninka, ko ƙwaya ɗaya ta yi wa 'yar uwarta nisa, batirin ya fara sallama.

Zafi: abin da masu bidiyon Turai ba sa faɗa maka

Yawancin bidiyon da muke kallo a Jamus, Ingila ko arewacin Amurka ake ɗaukarsu, inda matsalarsu sanyi ne, har ɗumama batir suke yi kafin tsere. Mu tamu akasin haka ce. Daga Yuni zuwa Satumba zafin rana a Makka yana kaiwa digiri 42 zuwa 44 a inuwa, kuma a Hajjin 2024, ranar 17 ga Yuni, an auna 51.8 a Harami. Garin kwari ne tsakanin duwatsu, dutse da kankare su sha rana su riƙa amayar da ita har bayan Isha. Sakkwato da Maraɗi a watan Afrilu su ma suna haura 40.

Yanzu ka haɗa da iyakar batirin. Ƙa'idar da aka saba ga dangin lithium ita ce a yi caji tsakanin digiri 0 da 45, kuma a wurin aiki kada ya wuce wajen 60. Bature da ya fara tuƙi a digiri 18 yana da sararin digiri 40 da ɗoriya kafin ya kai iyaka. Kai da ka fara a 43, sararinka 17 ne kawai. Batir ɗaya, mota ɗaya, amma ba wasa ɗaya kuke yi ba. Cikin motar da aka ajiye a rana kuwa, a irin wannan yanayi, haura 60 ba wuya.

Abin da ya kashe nawa haɗuwar abu biyu ne: cika da zafi. Ƙwayar da ke zaune a 4.2V a takure take, ruwan sinadarin cikinta yana lalacewa a hankali yana fitar da iska. Zafi yana hanzarta wannan. Ƙiyasin da muke amfani da shi a aji shi ne duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Iskar ba ta da mafita, sai jakar ta kumbura. Idan abin ya ci gaba, siririyar ledar da ke raba ɓangarorin ƙwayar ta samu rauni, su haɗu, zafi ya haifi zafi, daga nan babu mai tsayar da shi. Wannan ba matsalar kayan wasa kaɗai ba ce. Ita ta sa aka janye Samsung Galaxy Note 7 a 2016, ta sa aka dakatar da jiragen Boeing 787 a Janairun 2013. Kamfanoni masu dubban injiniyoyi ke nan. Ina ga batirin da ba ka san ma wanda ya haɗa shi ba?

Saboda haka, ga yadda muke yi yanzu. Ba ma fita da rana tsaka, sai bayan La'asar sosai ko da sassafe, a wani fili can bayan Ka'akiyya inda babu mutane. Batura suna tafiya a cikin kula marar ƙanƙara, a inuwa. Ina riƙe da ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga da muka saba gani lokacin korona. Batir ya kai 55, an tsaya. Inji ya yi zafin da ba za ka iya ɗora yatsa na daƙiƙa uku ba, a rage haƙoran ƙaramar giya. Kuma ba a ɗora batir a caji da zafinsa, sai ya huce a ɗaki mai mukayyif.

Caja da mai caji

Wani zai ce, ai wayar da ke aljihuna ma lithium ce, da ita nake kwana. Haka ne, amma a cikin wayarka akwai da'irar kariya da ke yanke wuta idan caji ya cika, ko ya yi ƙasa, ko zafi ya yi yawa. Yawancin LiPo na motoci ba su da komai a ciki, ƙwayoyi ne tsirara da wayoyi. Kariyar ita ce cajarka da kai kanka. Akwai masu ɗan wayo, kamar Spektrum Smart da ke sauke kansa zuwa matakin ajiya, ko Traxxas iD da caja ke gane shi da kanta, amma sun fi tsada kuma suna ɗaure ka da kayan kamfani ɗaya.

Don haka kuɗin caja yana cikin kuɗin batir. Idan abin da ke hannunka bai isa duka biyun ba, bai isa LiPo ba tukuna. Caja ta gaske tana da abu huɗu: tana daidaita ƙwayoyi ta ƙaramin farin filogin nan, tana nuna boltej na kowace ƙwaya, tana da yanayin ajiya da ke kai ƙwaya wajen 3.8V, kuma tana barinka ka zaɓi amfiya. Ka yi caji a 1C, wato amfiya 5 ga mai 5000mAh, awa ɗaya da 'yan mintuna. Ka duba wat ɗinta ma. Tsohuwar iMAX B6 ta SkyRC wat 50 ce: ta ishi 2S a amfiya 5, don 8.4 sau 5 wat 42 ne, amma 3S yana buƙatar 63, sai ta rage gudu. Kuma jabunta sun cika kasuwa, a kula. Mazauna tsofaffin gidajen Makka su duba jikin adafta ko an rubuta 100 zuwa 240V, don har yanzu akan ci karo da soket mai 127V.

Dokokin gidan Kawu yanzu, wanda shi da kansa ya sa aka manna a bango: ba caji a ɗakin kwana, ba a kan katifa ko kafet ba, ba a kan matakala ba, don ita kaɗai ce hanyar fita. Ana yi a kan tayil kusa da ƙofar sama, batir a cikin jakar da ba ta cin wuta, bokitin yashi a gefe. An kira salla, a cire, a dawo a ci gaba. Idan ba za a yi wasa cikin kwana biyu ba, a mayar da shi matakin ajiya. Idan, Allah ya kiyaye, ya kama, kada ka tsaya shaƙar hayaƙin don guba ne, zuba yashi in za ka iya, fitar da mutane, kira 911 ko 998.

'Yan uwa na gida, taku ta fi tamu haɗari ta wani ɓangaren. Na san yadda ake yi: NEPA ta kawo wuta ƙarfe biyun dare, kowa ya tashi ya jona duk abin da ya mallaka ya koma barci. Waya da fitila sun jure wannan, LiPo ba zai jure ba. Mafita tana nan: yawancin waɗannan cajojin suna karɓar 12V kai tsaye, B6 ma daga 11 zuwa 18V take ci. Ke nan batirin mota ko na sola ya ishe ka, da safe, idonka biyu, a tsakar gida a inuwa. Ba ka da jakar wuta? Tukunyar ƙasa da yashi a gindinta ta yi, kada dai ka toshe bakinta ruf.

Abu na ƙarshe a nan: kada ƙwaya ta sauka ƙasa da 3.0V. Akwatin ESC yana da kariyar da ke rage gudu kafin a kai nan, amma sai ka kunna ta. A XL-5, fitila kore na nufin kariyar tana aiki, ja na nufin a kashe take, yanayin NiMH ke nan. Motar hannu da ta zo da NiMH kusan kullum a ja za ka same ta. Kuma ka cire filogi idan an gama, don akwatin yana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ko a kashe.

A daina raina NiMH

Na san masu cewa NiMH na tsofaffi ne. Ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Ya fi nauyi, ƙarfinsa yana raguwa tun daga tsakiyar wasa, yana zubar da caji idan an ajiye, kuma zafi yana ƙara masa wannan. Shi ma idan aka yi masa caji da zafinsa, caja takan kasa gane ya cika ta ci gaba da dafa shi. LiPo ya fi shi tashi, ya fi shi sauƙi, yana riƙe ƙarfinsa kusan har ƙarshe. Duk wanda ya ɗanɗana ba ya son komawa, ni ma haka.

Amma tambayar ba wanne ya fi gudu ba ce. Wanne ne zai yafe maka ranar da ka yi mantuwa? NiMH idan ka manta shi a cike, ya rage kwana. Ka shanye shi, galibi ya farfaɗo. LiPo ba ya yafiya. Idan mai motar yaro ne ɗan shekara 10, kai kuma da ka san kan abin sau ɗaya kake zuwa a mako, ko gidan haya ne mai ɗaki ɗaya da babu inda za a ware, to NiMH mai ƙwaya 7 shi ne zaɓin mai hankali. Gudun da za ka rasa bai kai darajar labulen ɗaki ba, balle abin da ya fi labule.

Masu kai tsaraba gida

Kusan duk wata sai wani ya ce in sayo masa batir in ba alhaji ya kai masa Kano. Ga ƙa'idar jiragen sama: batirin lithium da ba a cikin na'ura yake ba, a jakar hannu kawai ake ɗaukarsa, ba a cikin kayan awo ba. Har zuwa 100Wh ba ya buƙatar izini na musamman. Daga 100 zuwa 160Wh sai da amincewar kamfanin jirgi, kuma biyu kawai. 2S da 3S masu 5000mAh sun wuce lafiya, 6S mai 5000mAh kuwa 111Wh ne. A rufe bakin filogi da salatif, a sa shi a matakin ajiya, kuma a tambayi kamfanin jirgin don wasu suna ƙara nasu sharaɗin. Ba tsanani ba ne kawai: ranar 3 ga Satumba 2010 jirgin kaya na UPS ya faɗi a Dubai, matuƙansa biyu suka rasu, bincike ya danganta gobarar da kayan da ke ɗauke da baturan lithium. Don Allah kada ka cusa batir a akwatin tsohuwa tsakanin dabino da jallabiya ba ta sani ba.

Abin da muka saya a ƙarshe

Kumburarren batirin na jona masa ƙwan fitilar mota, a cikin bokitin yashi a saman gida da dare, ina zaune, har ya mutu ƙurmus, sannan na kai shi inda ake karɓar matattun kayan lantarki. Kada ka huda shi wai iska ta fita, kada ka jefa shi a bola, musamman a gida inda ake cinna wa bola wuta kuma yara 'yan jari-bola ke tona ta da hannu.

Ƙanina yanzu batura biyu gare shi. Sabon NiMH mai ƙwaya 7, wannan nasa ne, shi ke cajinsa da rana a gaban mahaifiyarsa. Sai LiPo 2S mai 5000mAh, 50C, mai taurin kwanso, na kamfani mai suna, wanda ke zaune a 3.8V a cikin akwatin ƙarfe a ɗakin ƙasa, ba ya fitowa sai na zo. Kuɗin cajar ya fi na batirin, kuma daga aljihuna ya fita, tarar da na ci ke nan. Na yi masa alkawari ranar da ya yi wata uku yana rubuta boltej na kowace ƙwaya a littafi kafin wasa da bayansa ba tsallake, makullin akwatin ya zama nasa. Ya yi fushi na kwana biyu. Yanzu sati na biyar yake, kuma ranar Juma'ar da ta wuce shi ya tuna min ban mayar da batirin matakin ajiya ba.

A bidiyo mai zuwa in sha Allah zan auna turjiyar batura uku a gabanku, ɗaya a ɗaki mai sanyi, ɗaya a inuwar waje, ɗaya bayan minti goma na gudu, ku ga lambobin da idonku. Kafin nan, wanda ke da LiPo a gida ya tashi yanzu ya duba: a ina yake ajiye, kuma a cike yake ko a'a?